Tsohon Jirgin Sanholo da Yadda Ake Gyaransa

(Kiɗan buɗe shiri)

 Gaisuwa ga mutanen Illela da Kalmalo da Araba da Gidan Hamma da Tozai, da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka a Birnin Ƙwanni. Gaisuwa ta musamman ga sarakunan ruwa, ranku ya daɗe, da iyayenmu Sarkawa duk inda suke jin mu. Yau a kan jirgin ruwa za mu yi magana, irin na sanholo, wanda wasu ke kira goran ruwa ko alminiyam, da yadda ake tayar da shi idan ya tsufa.

Na san wani yana can bakin shagonsa yana cewa, ina ruwan Illela da jirgi? Garin shanu da albasa da kasuwar Lahadi? To, a leƙa tafkin Kalmalo. Ruwan tafkin daga Nijar yake gangarowa ta kwarin Majiya, kuma kafin ya iso mana sai ya bi ta madatsun Mozage da Zango da ke ba gonakin rani na Ƙwanni ruwa. Majiya na cikin kwaruruka huɗu da Nijeriya da Nijar suka yi yarjejeniyar rabon ruwansu a Maiduguri a 1990. Shekarar da damina ta yi albarka tafki ya cika, tarwaɗa da karfasa su samu, shekarar da ta gaza ya ja baya har a shuka a cikinsa. Masuncinmu ya saba da bin ruwa inda yake: dam ɗin Goronyo a kan gulbin Rima, ko Tabalak a jihar Tawa, wani har Yawuri. Jirgin da aka bari a gida kuwa yakan yi watanni a kife a kan busasshiyar ƙasa. Waɗannan watannin su ne lokacin gyara, kuma su ne aka fi yin sakaci da su.

Akasarin jiragen yankinmu na katako ne, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Amma abubuwa na sauyawa, kuma da dalili mai zafi. A watan Afrilun 2022 kwalekwale ya kife da mutanen Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu. A Mayun 2023 yara 15 na ƙauyen Dandeji suka rasu a hanyarsu ta zuwa itace. Ranar Lahadi 17 ga Agustan 2025 wani jirgin ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a hanyar kasuwar Goronyo. Allah ya jiƙansu da rahama. A shekarar ta 2025 ministan harkokin ruwa da tattalin arzikin teku, Adegboyega Oyetola, ya yi kira ga jihohi su yi ta rage jiragen katako suna maye gurbinsu da na faiba da na sanholo, gwamnatin jihar Sakkwato kuma ta raba jirage masu inji da rigunan kariya. Madalla. Sai dai sabon jirgi ma tsufa yake yi, kuma ranar raba kaya ba a raba mai gyara. Ga kuma tsofaffin da suka riga suka shigo hannun mutane, wanda aka saya a gwanjon wata ma'aikata, wanda wani shirin tallafi ya bari ya tafi. Da yawansu suna nan a bayan gida, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu, 'yan gwangwan na zagaye suna tambayar kilo nawa zai yi.

Kafin a ɗora masa guduma, a san halin ƙarfen. Nauyin sanholo kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, shi ya sa mutum biyu ko uku ke iya ɗaga ƙaramin jirgi su aza a mota. Ba ya yin jan tsatsa, domin da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wa kansa wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ke tsare shi. Amma yana da abokan gaba. Uwar gida ta san yadda tukunyar sanholo ke yin baƙi tana ƙuraje idan aka dinga dafa abu mai kanwa a cikinta. Haka kanwa da toka da soda ta yin sabulu suke yi wa jirgi. Gishirin da ake barbaɗa wa kifi yana cinsa, takin zamani da ake hayewa da shi zuwa gonar rani ma haka. Babban makiyinsa kuwa wani ƙarfen ne daban. Idan tagulla, ja ko fara, ko baƙin ƙarfe ya zauna a jikin sanholo cikin danshi, sai wata 'yar wutar lantarki ta tashi tsakaninsu, kuma kullum sanholon ne ke cinyewa. Guntun wayar wuta, tsohon kwabo, ƙugiyar da ta faɗa ƙarƙashin katako, duk sukan bar rami a inda suka kwana.

Yawancin tsofaffin jiragen nan da ribit aka haɗa su, wato ƙusoshin da ake daddale kansu ta ɓangare biyu. Wannan gadon masu ƙera jirgin sama ne. Da yaƙin duniya na biyu ya zo ƙarshe a 1945, kamfanin Grumman na Amurka, wanda ya yi ta ƙera jiragen saman yaƙi, ya juya ga yin kwalekwalen sanholo da dabarar da ya saba da ita. Ina kawo wannan ne don a gane cewa jirgin da aka ɗinke da ƙusa, da ƙusa ake gyara shi. Aikin ya fi kusa da hannun maƙerin fari da mai gyaran jikin mota fiye da mai waldar ƙofa da taga.

Aikin farko shi ne a tuɓe jirgin. A sauke inji, a fitar da tankin mai can nesa, a ɗaga katakan ƙasa, a kwashe laka da ƙayar kifi da duk wani ƙarfe da ya maƙale. A wanke da ruwa da sabulun wanke kwanuka. Idan za a goge da buroshi, ya zama na roba ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma wanda bai taɓa gogar baƙin ƙarfe ba. Buroshin waya na masu walda yakan bar ɓurɓushinsa a jikin jirgin, bayan damina ɗaya sai ka ga wurin ya yi ɗigo-ɗigo.

Daga nan sai neman inda yake yoyo, kuma nan nake so a kasa kunne. Masunci zai ce maka, "Ai na san wurin, ta baya yake sha." Sau da yawa ba nan ba ne. Ruwa yakan shiga ta gaba ya bi ƙarƙashin haƙarƙarin jirgin ya taru a baya, inda ake kwalfewa. Dabarar ita ce a juya lamarin, a zuba ruwan a ciki a duba ta waje. A ɗora jirgin a kan tsofaffin tayoyi ko bulo da katako, a tokare shi a wurare da yawa, yadda mutum zai iya kwanciya ya leƙa ƙasansa. Wajen ya bushe ƙarau. Sai a zuba ruwa kamar tsawon taƙi ɗaya, kada a wuce. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, duro guda kilo 200 ke nan, kuma an gina jirgi ne don ruwa ya matse shi ta waje, ba ya tura shi ta ciki ba. Wanda ya cika shi fal zai ɓare ɗinkin da a da lafiyarsa ƙalau.

Sai ka kwanta da alli a hannu. Da farko ba za ka ga komai ba. Can sai ka ga kan wata ƙusa ya yi duhu, ɗan ruwa ya taru a gefensa, ya kumbura, ya ɗiga a ƙasa. Ka zagaye ta da alli. Wata ba ta ɗiga, sai dai ka shafa yatsa ka ji sanyi. Wata kuma tun kafin a zuba ruwa ta tona kanta, za ka ga baƙin zobe kewaye da kanta, garin ƙarfe ne da ya fito saboda ta daɗe tana motsi a raminta. Duk ka yi musu alama. Idan an gama da tsakiya sai a karkata jirgin gefe, ruwan ya kwanta a kan ɗinkin gefen, a sake dubawa, a karkata ɗaya gefen. Da safe ake wannan aiki, domin ranar Illela idan ta take, ɗigon zai bushe kafin ka gan shi.

Ƙusar da ta saki, aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya danna dunƙulen ƙarfe mai nauyi a kan ƙusar ta waje, kan babbar guduma ma ya isa, ya riƙe da ƙarfinsa. Ɗayan yana ciki da ƙaramar guduma, ya buga wutsiyar ƙusar sau uku ko huɗu, bugu mai sauƙi. Za ku ji sautin ya sauya, daga kwas-kwas ya koma tsam. A tsaya nan. Mai zafin hannu da ke dukan ta kamar yana fasa dutse zai baje ƙusar ya lotsa farantin, yoyon ɗigo ya zama na tsiyaya. Wadda kanta ya cinye ko ta ƙi kamawa, a huda tsakiyar kanta da injin huda, a ɓalle kan, a tura sauran ta fita, a sa sabuwa ta sanholo wadda ta cika ramin. Wutsiyarta ta leƙo kamar kaurinta ɗaya da rabi kafin a daddale. Ribit ɗin nan da ake ja da filaya, wanda masu haɗa tagogin gilashi ke amfani da shi, yana da rami a tsakiya, wani ma da guntun baƙin ƙarfe a ciki. Sama da inda ruwa ke kaiwa ba laifi, ƙasa kuwa a nemi dunƙulalle, ko mai rufaffen gindi. Ƙusar kafinta kuma kada ma a kawo ta kusa.

Tsaga ta fi ƙusa haɗari, domin tafiya take yi. Duk bugun igiyar ruwa, duk girgizar inji, tana ƙara tsawo. An fi samunta a kusurwar baya, da gindin kujeru, da ƙarshen haƙarƙari. A bi ta da ido har inda ta ƙare, a huda ɗan rami kamar milimita 3 a kowane ƙarshe. Ramin nan shi ke tsayar da ita. Sannan a yanko faci daga farantin sanholo mai kauri daidai da jikin jirgin, wanda a ƙananan jirage yakan kama milimita ɗaya da rabi zuwa biyu. Kwanon rufin sanholo da ke kasuwa yawancinsa kusan rabin milimita ne kawai, bai isa ba. Kwanon rufi na gama-gari kuwa baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi, shi ne ma zai ci jirgin. Facin ya zarce tsagar da yatsa uku ta kowane gefe, a zagaye kusurwoyinsa da magagari don kada su kama ciyawa ko taru. A goge fuskokin biyu da sanfefa, a shafa gam mai jure ruwa a tsakani, a jera ƙusoshi da tazarar yatsa biyu, kada a matsa su bakin faranti. Wajen gam, a shinshina. Silikon ɗin da ke warin tsami na gilashi ne, ba ya riƙe sanholo a cikin ruwa, tsaminsa ma yana taɓa ƙarfen.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna kan gyaran tsohon jirgin sanholo, kuma mun iso kan walda, inda aka fi yin asara.

'Yan uwana masu walda, ku gafarce ni, ba raina sana'arku nake ba. Sanholo yana narkewa a zafin da ya kai digiri 660, baƙin ƙarfe sai ya haura 1,400. Fatar nan da muka ce tana tsare shi kuwa ba ta narkewa sai zafi ya wuce digiri 2,000. Wato cikin ya riga ya zama ruwa, fatar tana riƙe da shi. Kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar baƙin ƙarfe. Kana hura wuta kana jiran ya nuna, sai kawai ka ga wurin ya zube, rami ya buɗe wanda hannu zai shiga. Zafin yana gudu cikin farantin da sauri, ya ƙone gam ɗin da ke cikin ɗinki, ya sassauta ƙusoshin da ke kusa, ya tausasa ƙarfen da ke gefen waldar. Ka toshe rami ɗaya ka buɗe biyar.

Idan jirgin tun asali da walda aka haɗa shi, ko wata kusurwa mai kauri ta karye, to walda ce maganinsa, amma irin wadda ake yi da iskar agon, da sandar sanholo mai dacewa. Jikin jirgin ruwa yawanci sanholo ne da aka gauraya da sinadarin maganiziyam, sandar da ake kira 5356 ita aka saba yi masa aiki da ita. A tambayi mai waldar kai tsaye: Malam, kana da tukunyar agon? Ka taɓa yin faranti marar kauri? Ya gwada a kan guntu a gabanka. Idan babu a kusa, gara a ɗora jirgin a mota zuwa Sakkwato da a bar mai koyo ya koya a kansa. Masu gyaran lagireto da bututun na'urar sanyaya ɗaki sun san hannun sanholo, suna iya toshe ƙaramin rami, amma ba wurin da ke ɗaukar nauyi ba. Haka masu zubin tukwane, gwanaye ne a aikinsu, sai dai abin da suke narkawa tarkacen inji ne da gwangwani, yana da gautsi, ba ya lanƙwasa sai dai ya karye. Ba a yin facin jirgi da shi. Tankin mai kuma, ko an juye shi, ko ya shekara a bushe, kada a kusanto da wuta. Tururin fetur da ya rage a ciki shi ke fashewa.

Akwai ƙananan ramuka masu farin gari a bakinsu, irin waɗanda gishiri da taki da baƙon ƙarfe ke haifarwa. A kankare farin garin har ƙarfe ya fito fes, a goge da tsumma mai tsabta, a cike da gam ɗin nan mai haɗi biyu, irin Araldite, tun wurin bai daɗe a buɗe ba. Wanda ya huda har waje, ƙusa ɗaya ta toshe shi. Amma idan ramukan sun yi yawa a wuri guda, ka danna da babban yatsa ka ji farantin yana lotsawa, gam ba zai yi ba, sai faci. Kwalta da tsumma da muka gada daga jirgin katako suna iya kai mutum gida ranar da ya matsu. A sanholo ba sa daɗewa, rana na narkar da kwaltar, danshi ya ɓuya a ƙarƙashinta yana ci.

Allon baya, inda ake rataya inji, yawanci katako ne aka rufe da sanholo. Ka kama ƙafar injin ka ɗaga ka sauke. Idan allon yana numfashi, katakon ya ruɓe. A cire shi, a auna sabo da tsohon, a samu busasshen katako mai ƙarfi kamar maɗaci, a shafe shi da fenti ta kowace fuska har bakin ramukan. A guji katakon da aka jiƙa da koren maganin gara, akwai tagulla a cikinsa. Ƙusoshi masu noti su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, a sa gam ko wasar roba tsakaninsu da jikin jirgin. Mai batir kuma ya ajiye shi cikin akwatin roba, ya ja wayoyi biyu, kada ya mai da jikin jirgin wayar dawowa kamar yadda ake yi a mota.

Yanzu ga abin da na fi damuwa da shi. Jirgin katako idan ya kife sau da yawa yakan taso, mutane su rataya a jikinsa har taimako ya zo. Sanholo ba ya tasowa. Abin da ke riƙe shi soso ne da aka cusa a ƙarƙashin kujeru, kuma a tsohon jirgi za ka tarar soson ya sha ruwa ya yi nauyi, ko ɓera ya cinye, ko wani ya cire don ya samu wurin ajiye taru. Duk wanda ya gyara ƙusoshi ya bar kujeru fanko bai gama ba. Idan ba a samu soson da ba ya shan ruwa ba, jarkoki su ne mafita. Jarka mai lita 25, babu komai a ciki, an ɗaure murfinta tam, tana ɗaga kusan kilo 25 a ruwa. A cusa su ƙarƙashin kujeru, gaba da baya da gefe biyu, a ɗaure su da jikin jirgin yadda ba za su sulluɓe ba. A ƙara a baya saboda nauyin inji. Kuma a gaya wa yara ba na ɗibar ruwa ba ne.

Fenti ba dole ba ne a ruwan daɗi irin namu. Mai son yi ya goge da sanfefa, ya fara da shimfiɗar da aka yi don sanholo, in ba haka ba zai ɓare kamar ba a yi ba. Fentin da ke da tagulla haramun ne a kansa. Cikin jirgin dai ya fi son fenti mai haske ko shimfiɗar katako, don wanda ya taɓa taka sanholo da ƙafa ba takalmi a watan Afrilu ya san dalili.

Ba kowane jirgi ne ya cancanci wahalar ba, gaskiya. Idan ƙashin bayansa ya karye, ko ka tsaya a gaba ka hango shi ya murɗe, ko ƙasan duk ya zama rariya, to a kira ɗan gwangwan a yi ciniki, a sa kuɗin a wani. Wanda zai saya kuma, a Illela ne ko a Ƙwanni, da naira ko da sefa, kada sabon fenti ya ruɗe shi. Ya ce a kawo ruwa a zuba a gabansa.

In an gama gyara, a bar gam ya kwana biyu, a sake zuba ruwa a duba da alli kamar farko. Sannan a kai shi bakin tafki inda ruwa bai wuce gwiwa ba, a loda buhunan yashi daidai nauyin da zai riƙa ɗauka, a bar shi ya wuni. Da yamma a duba cikin. A kuma duba inda ruwa ya tsaya a jikinsa ta waje, a tabbata bakin jirgin ya fi ruwa da aƙalla taƙi guda, a ja layi da jan fenti a wurin. Ranar kasuwa, idan ruwa ya taɓa layin nan, lodi ya ƙare, ko wane ne ke tsaye a gaɓa yana roƙo. Jirgin sanholo ba shi da nauyi, iska na tura shi, mutum ɗaya ya miƙe tsaye sai ya karkata, don haka kowa ya zauna, kowa da rigar kariya, abin kwalfa na kusa da hannu. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta hana tafiyar dare da lodi fiye da ƙima. In hadari ya haɗo ana walƙiya kuwa, mai jirgin ƙarfe shi ya kamata ya riga kowa fita.

Sarakunan ruwa, ranku ya daɗe, ku ke da ikon cewa wannan jirgi ya shiga, wancan ya dakata. Muna roƙon kafin ruwan bana ya sauko daga Majiya, a zagaya a ga jiragen da ke kife, a tambayi masu su ko an zuba musu ruwa an duba.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)